In Ta Kai Bakwai

Talata, 5 ga Maris
Lambata: huɗu

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma duwatsun can ba su gama cinye maka takalma ba. Ni lafiya lau, sai godiya. Ga lamba can na rubuta a sama, yadda ka kafa doka ranar tafiyarka, kana tsaye a ƙofar shago da jaka a kafaɗa kamar wani alƙali. Ka ce kowace wasiƙa in sa lambar ciwona daga ɗaya zuwa goma, irin yadda Sista take tambayarmu a asibiti, kuma ranar da ta kai bakwai za ka ajiye komai ka taho. To ka gani, huɗu ce. Ka zauna ka yi abin da ya kai ka.

Sai dai ba ni kaɗai dokar za ta hau ba. Daga yau kai ma ka riƙa sa taka lambar. In ka kai bakwai, ni ma in rufe shago, in hau motar kayan da take kai muku wasiƙu, in same ka ko a bakin madatsar ruwan da kuke ginawa ne.

Kana ta tambaya su waye 'yan bencin da nake yawan ambata. Ka tuna doguwar barandar da ke gaban ɗakin likitan gaɓoɓi, mai koren benci da fentinsa ya ɓare? Shekara sha ɗaya ke nan ina zama a kansa duk Talata, tun da yatsuna suka fara kumbura. Shugabarmu ita ce Malama Mai Sanda. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, har yau in ka yi magana ba daidai ba sai ta buga sandar a ƙasa. Sai Direba, wanda ya tuƙa bas har ƙugunsa ya ce ya isa haka. Shi ne likitanmu mara takarda, ba ƙwayar da bai san launinta ba, kuma ba wadda bai zaga ba.

Dokar benci guda ce. Da ka zauna za a tambaye ka nawa yau, kuma gaskiya za ka faɗa. Malama ta ce "da sauƙi" maganar gida ce, a bar ta a bakin get, in an tashi kowa ya ɗauki tasa ya koma da ita. Ba don mutanen gida ba sa so ba ne. Kai dai in ka gaya musu gaskiya, sai ka koma kai ne kake lallashinsu. A benci kuwa in ka ce takwas, ba mai zaro ido, sai dai a matsa maka ka jingina da bango.

Abu ɗaya ne sabo. Wani ciwo ya sauka mini a tsakiyar baya, ba irin na gaɓoɓi ba da ke sakina in jiki ya yi ɗumi. Wannan ko na kwanta yana nan. Direba ya ce keken ɗinki ne, in sa filo a kujera. Na kuma rage wa siket ɗina inci biyu, abin da na yi shekaru ina nema ya zo da kansa.

Na samo maka yadi ruwan toka, na yanka rigar da za ka sa ranar karɓar takardar shaidar walda. Kada ka yi ƙiba, awon bara na yi amfani da shi.

Yayarka

Juma'a, 22 ga Maris
Lambata: biyu, kuma duk laifin mai girkin sansani ne

Yaya,

Na gaishe ki da kyau, ya jiki, ya shago? Wasiƙarki ta iso jiya da motar kaya, tsakanin buhunan siminti. Ina lafiya. Maganar ƙiba ki cire ta a ranki, mutumin da ke mana girki da gishiri yake gaba.

Aiki yana tafiya. Yanzu an mayar da ni waldar manyan bututu, cikin su nake shiga da fitila a goshi, in fito kamar wanda aka tono. Injiniya ya duba ɗinkina ya ce hannuna yana da tsafta. Na ce masa gado ne, yayata ma ɗinki take yi, sai dai nata ba ya ƙona gira. Jarrabawa tana nan ranar 20 ga Agusta, yadda na gaya miki kafin in taho. Injiniya kuma ya tara mu ya ce duk wanda ya bar sansani kafin ranar za a cire sunansa, sai bayan shekara biyu in an sake buɗewa. Ina gaya miki ne don kada ki ji a wani wuri, ba don ya canja komai ba. Bakwai dai bakwai ce. Ke kika riƙe ni tun da Inna ta rasu ina aji uku, takarda ba ta isa ta shiga tsakanina da ke ba.

Na yi dariyar Direba, amma wani wuri a wasiƙarki ya tsaya mini a rai. Kin ce gaskiya ta benci ce, "da sauƙi" ta gida ce. To ni a ina nake? Ɗan gida ne ko ɗan benci? Lambar da kike rubuto mini, ta bakin get ce ko ta baranda?

Bayan nan kuma ki gaya wa likita na gaske, mai takarda. Mutum ba ya ramewa haka kawai, ke da ba azumi kike ba. Ki gaida mini Malama, ki ce ina jin tsoron sandarta daga nan.

Autanki

Talata, 23 ga Afrilu
Lambata: biyar

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Ka yi haƙuri mota ɗaya ta wuce ba wasiƙata, aiki ne ya yi yawa, yara sun koma makaranta kowa yunifom.

Kai da neman magana. Ɗan benci ne kai mana, har wurin zama na ajiye maka kusa da kwandon shara. Ka daina bin wasiƙata layi-layi kamar mai neman ɓaraka a bututu.

Na kai maganar bayana benci. Yanzu har ƙafata ta hagu takan yi nauyi, in ji kamar ba tawa ba, sau biyu tana zamewa daga kan fedar keke. Kowa ya ce ya san wannan. Direba ya ce sabuwar ƙwayar nan ce mai ruwan ɗorawa, shi ma da aka sa shi a kanta sai da wandonsa ya riƙa faɗuwa. Wata ta ce tata ƙafar shekara biyar ke nan tana barci. Muka yi ta dariya har Sista ta leƙo ta ce ko biki ake. Ka san layin likita, mutum arba'in, minti uku-uku. Ya tambaya yaya gaɓoɓi, na ce suna nan, ya sabunta takardar magani. Me zan tsaya ina ɓata masa lokaci a kan abin da benci ya riga ya sani?

Malama ce kawai ba ta yi dariya ba. Kallon wuyan rigata ta riƙa yi, ta ce wannan rigar ba haka take zama mini ba da. Na ce tela ce ni, yadda na ga dama nake mayar da ita.

Rigarka na haɗa kafaɗu da hannu ɗaya. Ka riƙe karatunka.

Yayarka

Asabar, 18 ga Mayu
Lambata: huɗu, saboda ke

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ni lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina bai kwanta ba. Na jera wasiƙunki a kan katifa. Da shafi huɗu kike cikawa, yanzu ɗaya da rabi. Rubutunki ya kwanta gefe, kuma kin daina sa labarin maƙwabta, ke da ba ki iya rufe wasiƙa ba sai kin ci mutuncin mai gyaran rediyo. Tun yaushe kuma aikin yunifom yake hana ki rubutu? Ƙafa ta zame daga feda sau biyu, ki ce benci ya sani. Benci yana da injin hoto ne?

Na yi magana da injiniya. Ya ce in na tafi na tafi, ba zai iya riƙe mini suna ba. Na ce na ji. Zan biyo motar farkon Yuni, in kai ki a duba bayan nan da kyau, in zauna har sai an san abin da ake ciki. Shekara biyu ba mutuwa ba ce. Ki sa a share mini ɗakin baya.

Autanki

Talata, 28 ga Mayu
Lambata: shida

Auta,

Ina lafiya. Kada ka zo.

Kai ka kafa bakwai, ba ni ba, kuma ba ta kai ba. Sau biyu kana barin karatu ka dawo ka zauna mini a ka, lokacin rasuwar maigidana da lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, kuma ba abin da zamanka ya rage mini. Ina da masu kula da ni waɗanda suka san ciwo. Ɗakin baya na cika shi da yadi. Na gaji da ganin ƙato a gida ba takarda ba sana'a.

Yayarka

Lahadi, 9 ga Yuni

Yaya,

Na samu saƙonki. Na sauke jakata daga mota.

Ban san zaman da na yi a kujerar asibiti wata biyu ina juya ki a gado zama a ka ba ne. Da kin faɗa tun lokacin. Tunda kina da waɗanda suka san ciwo, Allah ya bar ku tare, ya ƙara sauƙi. Zan samo takardar, ko don a daina ganin ƙato.

Lambata ba sai kin sani ba. Ba zan ƙara damunki da wasiƙa ba sai bayan jarrabawa.

Auta

Laraba, 14 ga Agusta
Lambata: tara

Autana,

Rubutun da kake gani na Malama ne, ni nake faɗa tana rubutawa, don hannuna ya daina riƙe biro. Ina gaishe ka, ina fatan jarrabawa ta yi kyau. Na ƙirga, wannan motar za ta iso maka ranar 21, washegarin gamawarka. Da gangan na yi haka, kada ka ga laifin kowa.

Ina kwance a asibiti, ɗakin mata na sama, gado na uku daga taga. Sati bakwai ke nan. Ranar Talatar da na rubuto maka waccan muguwar wasiƙa, Malama ta bi ni har cikin ɗakin likita ba a kira ta ba. Ta buga sanda ta ce, "Likita, ajiye biron nan ka dubi matar nan. Rigarta ta bara ce, mutum biyu za su shiga." Shi ne aka tura ni hoto. Ƙari ne a ƙashin baya, kuma ba daga nan ya faro ba, ya riga ya yi tafiya. Ciwon daji ne, Auta. Likita ya tambaya tun yaushe, da na ce tun Fabrairu sai ya cire tabarau ya ajiye. Ƙafafuna biyu yanzu ba sa amsa ni.

Ƙarya na yi maka. Ɗan gida ne kai, ba ka taɓa zama ɗan benci ba. Duk lambar da na aiko maka ta bakin get ce. Ina son ganinka kamar in yi yaya, amma duk lokacin da na ɗauki biro zan rubuta bakwai, sai in gan ka kana sauke jaka a ƙofar shago karo na uku, shekara talatin da huɗu, ba komai a hannu, saboda ni. Na kasa.

Maganar ƙato kuwa, wallahi ban taɓa jin ta a zuciyata ba. Na zauna ne na nemo abin da zai fi yi maka zafi, don na san in ba haka ba sai ka hau motar nan. Ɗakin baya ba yadi ko ɗaya, a share yake. Wata biyun da ka yi kana juya ni a gado, ba ranar da ba na tuna su, balle yanzu da hannun baƙi ke juya ni. Ka yafe mini.

'Yan benci ba su bar ni ba. Sun raba kwanaki, kowa da ranarsa, masu ciwo suna hawa bene don wata mai ciwo. Direba yakan zo ya zauna kansa a sunkuye. Na ce masa ba laifinsa, abin da ya sani ya faɗa. Kai ma in ka zo kada ka yi masa kallon banza.

Ta wuce bakwai, Auta. Ka taho.

Yayarka

Ƙari daga ni mai rubutu: Ɗana, tun watan Yuni nake roƙon ta a sanar da kai, ta sa na yi rantsuwa. Mu ma muna da namu alhakin. Mun saba da ciwo har muka ɗauka kowane ciwo namu ne, muka kwantar mata da hankali wata uku. Kada ka tsaya haɗa kaya.

Talata, 3 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san yadda ake gaida wanda ya riga ya huta ba. An ce min ranar Juma'a da hantsi kika tafi, kina tambaya ko motar ta iso. Ni na iso Asabar. Kwana uku ne hanyar, kin sani, ke da kika ƙirga komai. Kwana ɗaya kawai kika kuskure.

Na ci jarrabawar. Ni na zo na biyu. Injiniya ya miƙo mini hannu ina riƙe da wasiƙarki, ban ma san na wuce shi ba. Takardar za ta fito wata mai zuwa, kuma ban san wa zan nuna wa ba.

Na buɗe shago. Filon da Direba ya ce ki sa yana nan a kujera, ya lotsa. Ɗakin baya a share yake kamar yadda kika ce, har da sabon zanen gado. A aljihun keken ɗinki na samu ƙaramin littafin da Sista take sa ku rubuta lambar kowace rana. Na jera shi da wasiƙunki, yadda kika hana ni yi. Ranar 5 ga Maris, ranar da kika rubuto mini huɗu kina tsokanata da ƙiba, a littafin bakwai kika sa. A gefe kin rubuta da ƙananan baƙaƙe, "Saura wata biyar da rabi ya gama." Ranar da kika ce biyar, takwas ce. Ranar ƙato, tara, kuma biron ya huda takardar.

Ni na kafa bakwai, Yaya. Ina tsaye a ƙofa ina jin kaina mai dabara, ashe ƙofa na rufe miki. Da ban sa lamba ba, da wataƙila kin yi mini ƙorafi irin na kowa, da na ji a muryar wasiƙar. Sannan na yi fushi wata biyu da rabi. Mota biyar ta zo ta koma, kowacce ina tsaye ina kallonta, ina jira ke ki fara ba ni haƙuri. Kin ce in yafe miki. Na yafe tun a mota. Ni wa zai yafe mini waɗannan motoci biyar?

Rigar tana jikina. Malama ta ce kin gama komai sai maɓallai, kin kai ta asibiti kina cewa gobe. 'Yan benci ne suka ƙarasa, kowa maɓalli ɗaya, da yatsun nan nasu. Ba biyu da suke kan layi ɗaya, na Direba ma da baƙin zare ya ɗinka. Da kin gani da kin farke su duka. Ba zan bari kowa ya taɓa su ba. Ta yi mini yawa kaɗan, awon bara ne.

Yau na zo mayar wa Sista da littafin, na kasa ba ta. Na tarar da su a baranda, sai suka matsa, aka bar mini wuri kusa da kwandon shara. Ashe da gaske kin ajiye. Direba bai iya haɗa ido da ni ba, sai ni na kama hannunsa. Can ya gyara murya ya tambaye ni nawa yau. Na ce da sauƙi. Malama ta buga sanda a ƙasa, ta ce, "A nan ba a faɗin haka."

Shi ne na faɗa musu, ba wanda ya zaro ido, aka matsa mini na jingina da bango. A kan bencin nake rubuta wannan, zan sa ta cikin littafinki. Ban rubuta lambar a sama ba don hannuna ya ƙi, sai a nan ƙasa. Ke kika ce dokar ta hau kanmu mu biyu, kika ce in na kai za ki rufe shago ki same ni ko a ina nake.

Bakwai ce, Yaya. Ga shago a rufe.

Autanki